Na Harbi Sojojin Surukina Bayan Sun Sauke Bindiga

Malam Almu, assalamu alaikum.

Don girman Allah ka taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure irin ɗaurin da ban taɓa ji ba. Na yi abin da aka ce in yi, kuma yanzu shi ne ya zama laifina. Ko kuwa ba laifina ba ne? Wallahi ban sani ba, shi ya sa na zauna na buga maka wannan wasiƙa. Kada ka sa sunana. Na san da ka ji a kan wasan kwamfuta ne za ka yi dariya. Yi dariyarka, amma ka daure ka karanta har ƙarshe, don sati huɗu ke nan gidana ya yi tsit.

Ni mai shagon buga takardu ne a Ƙanƙara, nan bakin tasha. A Funtuwa na koyi kwamfuta, na dawo gida na buɗe shago daidai lokacin nan da ake ta cewa farashin mai ya yi sama a duniya. Ka san yadda gari ya koma, kowa ya zama ɗan kwangila. Wanda bara yake sayar da taki a mudu, bana so yake a buga masa takarda mai tambari da sunan kamfani a sama. Har daga Faskari da Sabuwa ake zuwa wurina. Kwamfutar tawa ta gwanjo ce, daga Kano na sayo ta, kuma da wani wasan yaƙi a cikinta na same ta. In babu aiki, janareto kuma yana ci, sai in ɗan taɓa.

Bari in gaya maka yadda wasan yake, in ba haka ba ba za ka gane abin da na aikata ba. Taswira ce aka yanka ta gida-gida kamar dara, da kogi da gada da tudu da daji. Mutum biyu ke karawa, kowa da nasa: sojan ƙasa, tankokin yaƙi, igwa mai harbi daga nesa, sai motar kaya mai kai abinci da harsashi. Ba tare ake yi ba. Kai ka motsa naka, in ka gama ka danna, fuskar kwamfutar ta yi baƙi, sai abokin karawarka ya zauna ya buɗe nasa ɓangaren. Ba ka ganin sojansa sai wanda ya shigo idon naka. Wanda ke kan tudu ko cikin rami, rabin harbi ne yake cinsa. Wanda ke fili, duka yake sha. Wanda aka harba ta baya, ninki biyu. In aka datse wa runduna hanyar motar kaya, kowane zagaye harsashinta da ƙarfin zuciyarta suna raguwa, akwai ma wani ɗan koren layi a kansu da yake ƙanƙancewa yana komawa ja. Rundunar da aka ƙarar kuwa ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Abu ɗaya ne babu a wasan, kuma ban lura babu shi ba sai bayan da aka yi abin da aka yi: babu miƙa wuya. Na bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, babu farar tuta, babu kama fursuna.

To, surukina tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, direban motar kaya ne a lokacin. A Ƙetare yake zaune yana noman dawa da masara. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a takarda, Baba Saje kowa yake ce masa. Shekara biyar da na auri 'yarsa Safara'u, maganata da shi ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi in ba shi wuri. Ko gyaɗa ban taɓa ci a gabansa ba. Ba wai ba ma shiri ba ne, haka dai muka taso muka ga ana yi.

Wata ranar kasuwa ruwa ya tsare shi, ya shigo shagona ya fake. Ina can cikin wasa ni da kwamfuta, ban ji shigowarsa ba. Da na juyo na gan shi tsaye a bayana, na zabura zan kashe, sai ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana kallo. Can sai ya nuna igwata da sandarsa, ya gaya wa Gide, telan da ke maƙwabtaka da ni, wai duk wanda ya ajiye igwa a bakin kogi babu mai gadi bai san darajarta ba. Gide ya gaya wa fa, ba ni ba, alhali ga ni tsaye. Gide ɗin ne ya nuna masa yadda ake jan linzamin kwamfuta, tunda ni ba zan iya zama kafaɗa da kafaɗa da shi ba.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk ranar kasuwa in ya gama sayayyarsa, sai ya zo ya cire takalmi ya shiga ciki, ni kuma in koma bencin Gide. In ya gama motsa sojansa sai ya yi gyaran murya ya fito, in shiga kaina a ƙasa. In na gama ni ma in yi gyaran murya. Wata bakwai muna haka, ba mu taɓa yi wa juna maganar wasan ba. Malam, mahaifina ya rasu ina aji biyu na firamare, ban san yadda ake zama da uba ba. Wannan gyaran muryar ita ce hirar da na fi ƙauna a mako, har aikin mutane nake turewa zuwa gobe saboda ita.

Yaƙi biyu na farko na bar shi ya ci. Yaya za a yi in ragargaji mutumin da ya ba ni 'yarsa? Sai in bar tankata a fili, ko in juya wa igwarsa baya kamar mantuwa na yi. Na ɗauka ban bar alama ba. Ashe duk yana gani. Safara'u ta je gida suna, ta dawo mini da saƙo: wai in na ɗauke shi yaron da ake lallashi da alewa, in faɗa masa ya daina ɓata ranar kasuwarsa, raga masa da nake yi raini ne ba ladabi ba. Ranar ko tuwo ban iya ci ba don kunya. Na ce to, na ji, na uku za a yi na gaske.

Aka yi na gaske kuwa. Tsohon nan ya iya, sai da ya cinye mini tanka uku a tudu kafin in farga. Amma ni na fi shi sanin dokokin na'urar. Akwai wata rundunarsa ta sojan ƙasa da ta haye kogi ta haƙa rami a wata kwana. Na zagaya ta daji, na kama gadar da tanka, na datse musu hanya. Suka zama ga kogi a baya, ga igwata biyu a gaba, babu abinci babu harsashi. Koren layin nan ya fara ja baya.

A nan ne ya soma yin abin da ban gane ba. Maimakon ya turo tankokinsa su buɗe gadar, ko ya haƙura da rundunar ya tsare sauran, sai ya dinga turo motar kaya ita kaɗai. Motar da ko bindiga ba ta da ita! Na harbe ta, ta koma daji da rabin rai. Ya gyara ta ya sake turowa, na sake harbi. A raina na ce Baba ya fara tsufa, wa ke tura motar kaya gaban tanka? Karo na uku ta lallaɓo har gindin gada, gida biyu tsakaninta da rundunar, tankata ce kawai a tsakiya.

Ranar da abin ya faru, ya shiga bayan azahar. Shi da ba ya wuce minti goma sha biyar, sai ga shi har an kusa kiran la'asar bai fito ba. Gide ma sai da ya tsayar da keken ɗinki ya leƙa, ya ce mini zaune kawai yake, hannunsa a kan linzami. Can ya yi gyaran murya ya fito, ya zauna a benci. Na shiga, na buɗe ɓangarena. Abin da na gani, ya fito da rundunar nan daga ramin da suka yi zagaye shida suna ciki, ya jera su a fili a kan yashin bakin kogi, sun ba igwata baya, kuma ga alamar bindiga a kife a kansu. Ma'anar alamar, an ba su umarni kada su yi harbi ko an harbe su. A wasan, ana yin haka ne in za a yi kwanton ɓauna a daji don kada a gan ka. A fili ba ta da wani amfani ko kaɗan.

Na zauna ina ta saƙe-saƙe. Kuskure ya yi? Mutumin da ya kusa awa biyu yana tunani? Ko tarko ne? Na duba ko'ina ban ga inda tarkon zai fito ba. Sai zuciyata ta ce gwada ni yake yi, so yake ya ga ko zan sake raga masa. Na tuna saƙon alewa, kunya ta sake rufe ni. Na juya igwa biyu na danna. Fili, kuma ta baya, ai ka san lissafin. Danna ɗaya suka ƙare, ko harsashi ɗaya ba su rama ba. Kwamfutar ta buga ɗan kiɗanta na nasara, ta ƙara wa igwata tauraro, kuma na tabbata ya ji kiɗan daga benci don ƙofa a buɗe take.

Na yi gyaran murya na fito, har da ɗan jin daɗi a raina, wai yau na wanke kaina. Ya shiga. Bai yi daɗewar da mutum zai shanye kofin ruwa ba ya fito, babu gyaran murya. Ya sa takalminsa. Na durƙusa na yi masa a sauka lafiya, ya amsa, ya nufi tasha. Ƙullin gishiri da kanwar da ya saya ma a ƙarƙashin tebur ya bar su, suna nan har yau.

Kasuwa huɗu ta ci bai zo ba. Da farko na ce ko ba shi da lafiya. Safara'u ta je, ta tarar lafiyarsa ƙalau, yana zuwa gona, sai dai abinci kaɗan yake taɓawa, ya koma zaure ya zauna. Da ta ce ina gaishe shi, sai ya tambaye ta ko an yi ruwa a Ƙanƙara. Abin da ya fi ci mini rai, Gide ya hango shi a kasuwa ta biyu, ya zagaya ta bayan tasha don kada ya bi ta gaban shagona.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Wasan ya tsaya ne a kansa, shi ke da yi, in na kunna shi sai fuskar kwamfuta ta tsaya baƙa tana jiransa. Wata bakwai ban taɓa leƙa ɓangarensa ba, amana ce. A sati na uku na kasa daurewa, na danna. Ashe wasan yana barin mutum ya raɗa wa kowace runduna suna, mai ita kaɗai ke gani. Ni ban taɓa damuwa ba, nawa lamba ce kawai. Shi kuwa duk ya bi ya sa musu suna da manyan baƙaƙe, da yatsa ɗaya, Allah kaɗai ya san lokacin da ya ɗauka. Rabo, Ɗanhausa, Yusufu, Amadu. A jerin waɗanda suka mutu na ga sunan rundunar da na harba: Mani. Motar kayan nan kuma da ke tsaye a gindin gada, sunansa ne na yanka a kanta, wanda ko surukata ba ta faɗa.

Da na koma gida na tambayi Safara'u wane ne Mani. Tana tuƙa tuwo, ta saki muciya ta zauna. Ta ce ƙanen Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya. Don ya ga wansa zai shiga soja shi ma ya bi shi, rana ɗaya suka bar Ƙetare, Baba kaɗai ya dawo. Yadda aka yi, babu wanda ya sani, bai taɓa faɗa ba. Mahaifiyarsu ta ƙi karɓar ta'aziyya, ta ce ba wanda ya nuna mata gawa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta kore shi. Fartanyarsa a rataye take a ɗakinta har ta rasu. Kafin nan shekaru sun ja, ba wanda ya sake tada maganar. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, ba a kuma sake kiran sunan a gidan ba.

Malam, tun ranar nake juya abin. Miƙa wuya ya yi ke nan? To me ya sa bai aiko an gaya mini ba? Kuma ai shi ya ce in daina raga masa. In na raga raini ne, in na harba ga abin da ya biyo baya, to wanne ake so in yi? Wani lokaci har haushinsa nake ji, sai in tuna motar nan da na harba sau biyu ina yi mata dariya, haushin ya gushe.

Kwamfutar tana ajiye kowane zagaye, zan iya komawa baya zuwa kafin harbin, Mani ya dawo tsaye a kan yashi. Gide ya ce in yi haka, in aika a ce janareto ne ya mutu wasan ya koma baya, Baba ya zo ya ga mutanensa da rai, magana ta wuce. Safara'u ta ce in goge wasan gaba ɗaya, abin da ya tono wannan ciwo ba alheri ba ne. Ta ce ba ta ga laifina ba, amma in ta ajiye mini abinci ba ta kallona. Ni kuma ko zuwa na yi, me zan ce? Mutumin da ban taɓa haɗa jimla uku a gabansa ba? In ce na leƙa ɓangarensa? In ba da haƙuri a kan me, a kan na bi dokar wasa? Ni dai so nake ya dawo ya zauna a kujerar nan. Ka gaya mini ta inda zan fara.

Naka cikin ruɗani,
Mai shagon bakin tasha, Ƙanƙara.

AMSA

Wa alaikumus salam, mai shagon bakin tasha.

Na yi dariyar da ka ba ni izini a farkon wasiƙarka, amma kafin in kai ƙarshe ta tsaya. Ni ban san wasan kwamfuta ba, dara ce iyakata, ita ma ana cinye ni. Sai dai ka yi bayani har na gane, kuma ina ganin matsalarka ba ta na'ura ba ce.

Ku biyu kuna kallon taswira ɗaya, amma kowa da dokar da yake bi. Kai dokar da aka zuba a kwamfuta kake bi, kuma a kanta ba ka yi laifi ba. Shi kuwa dokar da ya koya da jikinsa yake bi, wadda ta ce in mutum ya fito daga rami ya kife bindiga ya juya baya, an gama da shi, ba a harbinsa. Na'urar ba ta da farar tuta, sai ya haɗa tasa da abin da ya samu. Baba yana da nasa kason a ruɗanin nan. Shi ya ce a yi na gaske, sannan ya yi maka magana da alamar da bai taɓa koya maka ba, kuma kalma ɗaya ta bakin Gide da ta wadatar. Kana da dalilin jin haushi, kada ka ji kunyar hakan.

Amma kai ma ga naka. Ka ga bindiga a kife, ka san a fili ba ta da amfani, ka san tsohon ya kusa awa biyu a zaune. Wasan ya ba ka damar harbi, bai tilasta maka ba. Kana iya barin su zagaye ɗaya, ka fito ka sa Gide ya tambaya. Tsoron kada a sake ce maka mai alewa ne ya danna maɓallin nan. Wannan kuskure ne, ba mugunta ba, kuma kuskure ana gyara shi.

Shawarar Gide ka mayar masa da abarsa, ya ci gaba da ɗinkinsa. Mutumin da ya gane sau biyu kana raga masa, shi ne za ka rufe da labarin janareto? Ranar da ya zauna ya ga Mani tsaye, zai san abin da ka yi, ya kuma san ka leƙa. Ban da haka, wanda ya shekara kusan arba'in da sanin ƙanensa ba zai dawo ba, ba ƙaramin cin fuska ba ne a nuna masa ana dawo da shi da danna ɗaya. Ta Safara'u ta fi tausayi, amma ita ma kada ka bi. Sunayen nan shi ya rubuta su, wataƙila nan ne kaɗai wurin da suke a rubuce a jere. Ba naka ba ne da za ka goge.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Ni da kai ba mu san yadda Mani ya ƙare ba. Ko abin da ya faru ne Baba ya sake jerawa, ko abin da ya so a ce ya faru, ba mu sani ba. Kada ka tambaye shi, kada ka sa a tambaye shi. In ya so faɗa wata rana, ka yi shiru ka saurara.

Ga abin da za ka yi. Kada ka bari wata kasuwar ta sake ci. Ka ɗauki Safara'u da wani dattijo daga danginka, ku tafi Ƙetare da hantsi. Ka riƙe masa ƙullin gishirinsa da kanwa, ka haɗa da goro. A wasiƙarka ka ce ba ka san me za ka faɗa a gabansa ba saboda kunya. To akwai magana ɗaya da kunyar suruki ba ta taɓa hana kowa ba, ita ce ta'aziyya. Ka cire takalminka, ka durƙusa inda ka saba, ka yi masa gaisuwar rashin ƙanensa Mani, da sunansa, kamar jiya aka yi rasuwar. Ka roƙa masa rahama, dattijon ya shafa fatiha. Mahaifiyarsu tana da uzurinta na uwa, amma ƙin karɓar gaisuwar da ta yi ya bar ɗanta da rashin da ba wanda ya taɓa ce masa ya haƙuri. Mai yiwuwa kai ne na farko.

Zai gane daga ina ka samo sunan, don haka kada ka jira ya tambaya. Dattijon ya faɗa a madadinka cewa ka buɗe ɓangarensa ba da izini ba, kana neman gafara. Wannan ne laifin da ba shi da kwana-kwana, shi za ka ba da haƙuri a kai kai tsaye. Batun harbi kuwa jimla ɗaya ta isa: ka ga alamar, ba ka fahimce ta ba. Kada ka kawo zancen alewa, ba shari'a ka je ba. In ya yi shiru, ko ya tashi ya shiga gida, ku yi sallama ku taho, kai dai ka riga ka yi abin da ya kamata.

Saura wasan. Masu dara a gindin bishiya ma suna da ƙa'idojinsu da ba a rubuta ba, ku ma ku kafa taku. Bayan kwana biyu Safara'u ta kai masa saƙo biyu. Na farko, daga yau duk rundunar da ta fito fili ta kife bindiga ta miƙa wuya, taka ko tasa, ba mai taɓa ta. Na biyu, wasan yana nan inda ya bar shi, ba a mayar da shi baya ba, kuma shi ke da yi. In ya zo, kana neman tsagaita wuta na zagaye uku, za ka janye tankarka daga kan gada don motar kaya ta haye ta ɗauko mutanenta. A faɗa masa a fili, don kada ya ɗauka ragin da ya hana ne. Sojoji sun san tsagaita wuta don kwashe gawa, zai fi ka gane wannan. Bayan zagaye ukun ka mayar da tankarka, ka yi yaƙinka da gaske kamar yadda ya nema.

Ban yi maka alkawarin zai zo kasuwa mai zuwa ba, ko ta bayanta. Ka dai share kujerar, ka bar fuskar kwamfutar baƙa yadda take, ka rage ƙarar kiɗan nasarar nan gaba ɗaya. Ranar da ya shiga, ka zauna a bencin Gide komai daɗewarsa, kada kowa ya leƙa. Gida biyu ne ya rage wa motar nan, ka bar shi ya kai ta da hannunsa.

Allah ya jiƙan Mani, ya sanyaya zuciyar wansa, ya sa Safara'u ta ɗago ta dube ka, ya kuma sa ka sake jin gyaran muryar nan daga cikin shagonka.

Malam Almu